Idon Mikidadi da Dokin Teku Mai Ciki

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Nutso biyu. Baƙi huɗu. Zurfi mita tara, minti hamsin da biyar. Ruwa bai yi kyau ba.

Littafin nan na aiki ne. Zurfi, minti, da abin da aka gani, haka nake cika irinsa shekara ashirin da shida, tun da na fara shiga da baƙi ƙarƙashin ruwan Chole. Amma tunda ba mai buɗe shi sai ni, yau zan ƙara da abin da ba na aiki ba.

Na nuna wa mutane ganye.

Ni Mikidadi, wanda ake rubuto sunansa tun daga ƙasashen sanyi a ce shi muke so ya kai mu, na ƙwanƙwasa tukunyar iskata da ƙarfe, na tara baƙi huɗu a kaina, na yi musu alamar riƙe linzami, wato ga dokin teku. Suka bi layi suna ɗaukar hoto, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Sai da muka hau jirgi wata Bajamushiya ta buɗe hoton ta faɗaɗa shi. Ruɓaɓɓen ganyen mangwaro ne ya maƙale a ciyawa.

Hatibu matuƙin jirginmu, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya da shi, har sai da ya kashe inji don ya ji daɗin dariya.

"Kai, Mzee, tsohonmu! Sabon iri ne wannan? A sa masa sunanka mana. Ko dai mu kai wa matarka Bi Tatu ta sa a miya?"

"Ja jirginka, tsohon banza," na ce. "Kai da shekara arba'in kana kan teku ko gwiwarka ba ta taɓa jiƙewa ba."

Kowa ya yi dariya, har ni. Mwanaidi ce kaɗai ba ta yi ba. Ita ce ɗayar jagorar, shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, kuma ni na koya mata tun daga yadda ake tofa yawu a gilashin fuska. Na ce mata ruwan ne ya yi duhu. Ta leƙa, ga yashi ana gani fari tas daga saman jirgi. Ta ci gaba da naɗe igiya.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Na shiga ni kaɗai kafin baƙi su gama karin kumallo, wai duba igiyar ɗaure jirgi.

Dokin tekun nan na gindin tsohuwar igiya yana nan. Shi ba na buƙatar nemansa. Daga bulon da muke ɗaure jirgi, bugun ƙafa goma sha biyu wajen fitowar rana, sai ciyawa ta ƙare, sai guntun igiyar da ta nutse tun zamanin wani jirgin katako. Wata huɗu ke nan yana riƙe da ita. Namijin dokin teku ba ya yawo, inda ka bar shi jiya nan za ka tarar da shi.

Na kwanta a yashi, na kai fuskata kusa da shi kamar taƙi ɗaya, na rufe idon dama. Ya fito mini sarai.

Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan halitta. Kifi ne, amma a tsaye yake kamar mai jiran liman. Bai fi tsawon yatsana na tsakiya ba. Kai na doki, dogon baki kamar bututu, wutsiya ta naɗe igiya kamar yatsan jariri a hannun uwa. Ido ɗaya yana kallona, ɗayan yana can yana harkar gabansa. Wani ɗan ƙwaro ya zo wucewa, ban ga motsin bakin ba, na dai ji ƙas, ƙwaro ya ɓace. Shekara ashirin da shida ina kallon irinsa, har yau idan na kwanta gabansa sai na manta ina da gwiwa mai ciwo.

Minti arba'in na yi. Ko hamsin. Ban iya karanta agogon ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Takardar da likita ya ba ni a birnin Dar cikin watan Agusta tana aljihun rigar Idi. Bi Tatu ba ta taɓa rigar nan sai Idi ya matso, saboda haka ina da sauran watanni.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Idon dama ya tafi rabi, na hagu yana bin sa a hankali, iyakar abin ke nan. Ya ce akwai aiki, ana iya dacewa, ana iya rashin dacewa, kuma kada in wuce ƙarshen shekara.

Dokar Bi Marta, mai wurin da nake aiki, a fili take: jagoran da ba ya iya karanta agogon iskar baƙonsa ba ya shiga ruwa da kowa. Doka ce mai kyau. Da ni ne mai wuri, ita zan kafa. Ran Litinin masu ɗaukar hoto shida za su sauka, mako biyu, kuma da sunana suka kama ɗaki. In na kai ƙarshensu lafiya sai in san abin yi. Idan aka fitar da ni daga ruwa, ban san wane ne Mikidadi a tudu ba. Mutum ne dai mai gajerun ƙafafu da ba ya iya ciniki.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da azahar

Yau na ga abin da sau uku kacal na taɓa gani.

Matar dokin nan na gindin igiya ta zo da sassafe kamar kullum. Ruwan ɗorawa ce ita, ta fi shi tsawo, kuma ba ta zama wuri ɗaya, yau nan gobe can. Kowace safiya sai ta zo gaishe shi. Su haɗa wutsiya, su yi haske kamar an kunna musu fitila a ciki, su zaga igiyar tare kai a sunkuye. Yau ba su tsaya nan ba. Suka saki igiyar, suka tashi sama ciki da ciki, suna juyawa a hankali, ta zuba masa ƙwanta a jakar da ke cikinsa. Suka sauko. Ya koma igiyarsa yana rangaji hagu da dama don kayan su zauna daidai, ita kuwa ta kama gabanta ko waiwaye babu.

Shi zai ɗauki cikin, mako uku ko kusa. Na ba Bi Tatu labari wajen cin abinci, ta ce, "Allah ya kawo wannan tsarin tudu, mu ga ƙarshen cika bakinku."

Juma'a, 11 ga Oktoba, kafin masallaci

Ruwa bai yi kyau ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Wani abu ya faru a filin ciyawa. Ina tafe da baƙi biyu, ban san inda macen ta koma ba, sai na hangi wani farin dutse kamar ƙwan kaza a kan yashi. Fari ina ganinsa tun daga nesa. Na matsa. Taƙi ɗaya daga dutsen, ga ta nan riƙe da ciyawa.

Gaba kaɗan wani farin dutse. Gefensa wani doki, baƙi, mai ƙaya-ƙaya a ka. Gaba kuma wani, da kifin nan mai kama da soso wanda ke tafiya da hannuwa a ƙasa kamar tsoho ya sauka daga gado. Biyar na nuna cikin nutso ɗaya. Baƙin suka fito suna rungumata.

Hatibu ya ce, "Lallai an yi wa tsoho wankin ido. Me ka sha jiya?"

Mwanaidi ta riga kowa zuwa yau. Da na iso ƙarfe shida da rabi gashinta a jiƙe yake, tukunya ɗaya kuma babu iska.

Ban tambaya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

A bakin ruwan nan ba a sa alama. Ba zare, ba gora, ba dutse. Jagora a kansa yake riƙe wuri. Dalili kowa ya sani: akwai masu nutso da numfashinsu da ke tsintar dawakin teku su shanya, wani mutum yana zuwa daga babban tudu ya saya a gwangwani. Idonsu ba ya ganin doki cikin ciyawa, sai an nuna musu. Alama nuni ce.

Ni na kafa wannan doka. Shekara tara da suka wuce na tsaya kai da fata sai da aka sallami wani jagora saboda ya ɗaura jan zare a ciyawa. Matarsa ta zo har gida tana roƙo, na ce ba ni ba ne, doka ce.

Na rubuta wannan ne kawai don ya zama a rubuce.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan magariba

Masu hoton sun iso jiya. Shida ne, kowanne da kyamara mai hannuwa da fitilu kamar ƙaguwa. Babbansu wani dattijo ne mai suna Anders, ya ce shekara bakwai yana tara hutu don ya nutsa da ni. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, duka a lokaci guda.

Teku ta yi mana karamci. A bakin dutsen murjani pweza, dabbar ruwan nan marar ƙashi, ta fito daga raminta, hannuwa takwas suna zuba kamar kunu, ta zama ja, ta zama fara, ta zama yashi, muna kallo ta ɓace ba tare da ta motsa ba. Kunkuru ya zo ya wuce ta tsakiyarmu bai ko kalle mu ba, kamar mai unguwa a kasuwa. Garken ƙananan kifaye masu ruwan azurfa suka rufe mana rana, suka buɗe, suka sake rufewa. Waɗannan duk ina ganinsu, manya ne. Har yanzu ina da rabona a cikin ruwan nan.

A filin ciyawa duwatsu shida.

Duba iskar baƙi kuwa, na ce wa Mwanaidi ta riƙa yi, wai ni hankalina yana kan nema. Ta ce, "To, Baba." Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da azahar

Cikin na gindin igiya ya fara fitowa. Yana numfashi da ƙyar kamar ni a kan tudun masallaci. Ta zo gaisuwa, suka zaga sau biyu, ya gaji, ta haƙura.

Anders ya nuna mini hoton a jirgi, ya ce in dubi ɗigon da ke kewaye da idon. Na ce kai, madalla. Hasken allo kawai na gani.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Na zuba shayi a kan tabarma, gefen kofi.

Bi Tatu ta kalli tabarmar, ta kalle ni. Ta ɗauki butar ta zuba mini da kanta, ta kama hannuna ta ɗora a kan kofin.

"Baban Riziki."

"Na'am."

"Jiya ka wuce ƙanwata a hanya ba ka gaishe ta ba. Ta zo tana tambaya ko ta yi maka laifi."

"Tunani nake."

"Shekara talatin da ɗaya ina aurenka, ban taɓa ganin tunani ya hana ka ganin mace ba. Rubutunka ma ya zama kamar na allon talla. Layi nawa kake samu a shafi yanzu, shida?"

Na ce mata gajiya ce, baƙi sun yi yawa. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe gajiya. Ta tura mini wainar shinkafa gabana, daidai inda hannuna zai same ta, ta tashi. Na ji tana jan hanci a madafa, ta ce hayaƙin ɓawon kwakwa ne.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

Saura mako guda su tafi. Mako guda kawai nake roƙo.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Duwatsu suna nan. Dawakai babu.

Dutse na farko, ciyawa kawai. Na ce ta matsa ne. Na biyu, babu. Na uku, ciyawar a tuge take, saiwa a sama. Na juya na nemi Mwanaidi. Ko da idona na ga yadda kumfar numfashinta ke fita da sauri. Ta bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa tana cusawa a aljihun rigar nutso, a gaban baƙi, ba ta damu da wanda ya gani ba.

Biyar aka ɗauka. Har da ruwan ɗorawar.

Na gindin igiya yana nan. Shi ba a taɓa sa masa dutse ba, tunda shi na san hanyarsa.

Talata, da yamma

Hatibu ya biyo ni har gindin kwakwa inda nake wanke kaya. Ba wasa a bakinsa, abin da ban saba gani ba.

"Ɗan'uwan matata ya gan su a ƙetare, an shanya a kan buhu bayan wani gida. Ya ce tun ran Asabar wasu masu kwale-kwale suke shawagi a filin nan idan mun tashi. Sun ce wai an sauƙaƙa musu aiki, har da farar alama."

Na ce Allah ya isa.

"Allah ya isa wa, Mikidadi?"

Na ci gaba da wanke gilashin da na riga na wanke.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Na gindin igiya ya jira matarsa. Na je da sassafe na kwanta gefe. Da haske ya fara shigowa ya yi fari-fari kamar yadda yake yi idan ta kusa, ya saki igiya ya ɗan zaga, ya dawo ya kama. Ya sake. Sau huɗu na ƙirga. Daga nan ya koma launin igiyar ya tsaya, da cikinsa a gaba.

Ban san ko kifi yana baƙin ciki ba. Ni dai na yi, gilashina har ya cika ta ciki.

Laraba, bayan la'asar

Bi Marta ta tara mu a rumfar tukwane. Anders ne ya kai mata hotuna, ba da mugun nufi ba, tambaya yake ko al'ada ce a nan, don kusan kowane hoto akwai farin dutse a gefe.

Ta ce, "Wa ya sa?"

Kafin in haɗiye yawu Mwanaidi ta ce, "Ni ce."

"Ke? Me ya sa?"

"Lalaci. Na gaji da nema kullum."

Bi Marta ta daɗe tana kallonta. Duk bakin ruwan nan an san Mwanaidi tana ganin jatan lande mai girman ƙwayar shinkafa daga mita biyu. Ta ce mata ta ajiye kayanta, kada ta shiga ruwa sai an yi shawara ran Asabar. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Mzee, dokarka ce. Kai za ka faɗa mini hukuncin."

Na ce zan yi tunani.

Wallahi haka na ce. Zan yi tunani.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan magariba

Na shiga da mutum shida ni kaɗai, ba mai duba musu iska. Kowane minti biyar ina yi musu alama su faɗa mini da yatsu, ina addu'a kada wani ya yi ƙarya don kunya. Ban nuna musu komai ba sai na gindin igiya da wani kunkuru da ko makaho zai gani. Mun fito lafiya.

Rayukan mutane shida na ɗauka na yi caca da su don kada a ce Mikidadi ya tsufa.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan masallaci

Na je gidan Mwanaidi. Na tarar tana kankare kwakwa a tsakar gida, 'ya'yanta suna makaranta. Ta ba ni kujera, ta ci gaba da aikinta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Yuli, Baba. Ranar da ka miƙa wa baƙo takalmin hagu biyu."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In ce me? In ce wanda ya koya mini gani ba ya gani? Kai ma ka san ba za ta faɗu ba."

"Sai ki sa dutse? Ke da kika san abin da dutse yake jawowa?"

Ta ajiye kwakwar. "Na sani. Na ce mako biyu ne, zan riƙa kwashewa da yamma. Ran Asabar da Lahadi ruwa ya ja da ƙarfi ban samu komawa ba. Laifina ne, ban musa ba. Amma Baba, kwana goma kana bin duwatsun nan. Ko sau ɗaya ba ka ce wa ya sa ba."

Na ce gobe zan yi magana.

"Kada ka yi don ni," ta ce. "Ni zan samu aiki a Zanzibar ko gobe. Kai fa?"

Na taso. A hanya na yi karo da akuyar mutane, na ba ta haƙuri.

Asabar, 26 ga Oktoba, da azahar

An gama.

Da asuba na ciro takardar daga rigar Idi na miƙa wa Bi Tatu. Ta ce ba sai ta buɗe ba, ta karanta tun watan Satumba, ta mayar yadda na ninke. Ta ce jira take ta ga ranar da zan ɗauke ta a bakin mutum.

A rumfa kowa yana nan, har baƙin. Na ɗauko agogon iska na miƙa wa Bi Marta na ce ta riƙe mini shi kamar yadda baƙo yake riƙewa. Ta riƙe.

"Tambaye ni nawa ya nuna."

"Nawa ya nuna, Mzee?"

"Ban sani ba. Wata uku ke nan ban sani ba. Ruwan nan da nake ta cewa ya yi duhu, garau yake, idona ne. Duwatsun don ni aka sa su, na kuma sani, na bi su na karɓi yabo. In akwai wanda za a sallama a kan dawakan nan biyar, ga shi tsaye."

Sai Hatibu ya share maƙogwaro ya ce, "To ai shi ke nan, yanzu na gane dalilin da ya sa kwanan nan kake ce mini na yi kyau."

Dariyar da aka yi ita ta hana ni faɗuwa.

Bi Marta ta ce Mwanaidi ta ɗauki kayanta, za su yi magana su biyu daga baya, kuma ba za ta yi daɗi ba. Ni kuwa ba zan ƙara shiga da baƙo ba sai likita ya sa hannu, idan ya sa. Ta faɗa a hankali, amma ba ta rage komai ba. Na ce daidai ne. Anders ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi ta magana, rabi ban ji ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Jirgi ya fita ba ni. Daga gida ina jin injinsa.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Baƙin sun tafi. 'Yata Riziki ta bugo daga Dar, ta yi faɗa kamar ita ta haife ni, sannan ta ce ta samo mana ganin likita ran Litinin mai zuwa. Jirgin Asabar za mu bi ni da uwarta. Na tambaye ta ko likitan ya ce za a dace. Ta ce, "Baba, ka zo dai."

Mwanaidi ta aiko Hatibu da saƙo. Wai dokar ta hana ni shiga da baƙo, ba ta hana a shiga da ni a matsayin baƙo ba, ta tambayi Bi Marta. Cikin dokin ya kai, bakin jakar ya fara buɗewa. In ina so, ƙarfe biyar da rabi.

Laraba, 30 ga Oktoba, da hantsi

Jiya ba komai. Yau ma ba komai. Yana ta nishi dai, ya ƙi cin abinci.

Zama baƙo da wuya. Ita ke duba mini iska, ita ke cewa mu tashi. Jiya na so in ƙara minti biyar, ta nuna mini sama da babban yatsa, irin yadda nake yi mata tana sabuwa. Na bi.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da hantsi

Zurfi mita tara. Minti sittin da biyu, in ji Mwanaidi.

Mun sauka haske bai gama shiga ruwa ba. Muka kwanta a yashi kafaɗa da kafaɗa. Ya yi fari fat, ya ƙanƙame igiyar, yana lanƙwashewa yana miƙewa kamar mai ciwon ciki. Mun fi rabin sa'a a haka. Sai ya tanƙware gaba ɗaya, wutsiya ta kusa taɓa baki, ya yi wata irin zabura.

Na ga zaburar. Na ga wani abu kamar ƙura ta tashi a gabansa. Na rufe idon dama, na matsa har gilashina ya kusa taɓa igiya, na buɗe na hagu iyakar ƙarfina. Ƙura dai.

Sai na ji Mwanaidi ta kama hannuna ta buɗe tafin. Ta fara taɓa shi da yatsa. Ɗaya. Ɗaya. Ɗaya. Kowane ɗa da ta gani ya fito, sai ta taɓa. Ya sake zabura, yatsan ya yi sauri kamar yayyafi a kan kwano. Na ƙirga har arba'in da bakwai, daga nan ita ma ta kasa, ta dai riƙe hannun ta matse. Muka zauna haka har ya gama, ya rataye a igiyarsa, jaka a saɓule, yana haki.

A jirgi Hatibu bai tada inji ba. Ya zuba mana shayi, ya sa mini kofin a hannu.

Na ce, "Mwanaidi, yaya suke?"

Ta goge fuska da gefen mayafinta. "Kamar gashin ido, Baba. Wallahi ba su fi haka ba. Amma kowanne da kansa na doki, da ɗan bakinsa, da wutsiyarsa a naɗe. Ana ganin ruwa ta cikin jikinsu, ido ne kawai baƙi. Suna fitowa suke miƙewa tsaye, ba wanda ya koya musu. Wasu biyu suka kama wutsiyar juna suna ja, kowa yana zaton ciyawa ya samu. Ɗaya ya zo ya tsaya a kan gilashinka, daidai idonka na dama. Ya daɗe a wurin kafin ruwa ya ɗauke shi."

Na ce ta sake faɗa mini, a hankali.

Ta sake.